Takardun Auta a Ƙarƙashin Tandar Masa

A gidanmu na Yendi, idan mutum ya tashi daga ciwo ana yi masa sadakar masa. Ranar Juma'a da hantsi Mma, mahaifiyarmu, za ta ɗora tanda a tsakar gida, a soya, a aika masallaci da gidajen maƙwabta. Wannan kowa a zango, unguwar Hausawa, yana yi. Abin da ya zama namu mu kaɗai shi ne yadda ake hura wutar. Duk abin da ciwon ya bari a ɗaki, kwalin ƙwaya ne, takardar magani ce, ko ɗan littafin nan da ƙananan asibitoci ke ba mutum ya tafi da shi gida, da shi ake kunna itacen. Kakarmu a Salaga ragowar sassaƙe da tsumman ɗaure ciwo take ƙonawa. Da zamani ya kawo takarda, sai Mma ta haɗa har da takarda. A ganinta, wanda Allah ya ba lafiya ya ci gaba da ajiyar shaidar ciwo bai gode ba, kuma yana nuna wa ciwon cewa akwai wurinsa a gidan in ya ga damar dawowa.

Ni ce 'yar fari, ni ce kuma malamar firamare, don haka ni ake ba aikin tantancewa, kada a haɗa da takardar haihuwa ko ta jarrabawa. Ina karanta kowace takarda kafin in miƙa ta ga wuta. Na faɗi wannan tun farko ne domin daga baya na ga laifin mutane da yawa, wasu ma ban taɓa ganin fuskarsu ba, amma hannun da ya sa takardun ƙanwata a murhu har sau uku nawa ne.

Auta muke ce mata, don ita ce ta ƙarshe. Tela ce, mai keken ƙafa, kuma bakinta ya fi allurarta tsini. Ba ta taɓa ganina da riga ba ta bar ni na wuce lafiya. Sai ta kama hannun rigar ta ce, "Yaya, wane ne ya yi miki wannan ɗanyen aikin, mu kai shi ƙara?" Ko da ita ce ta ɗinka shekarar da ta wuce. Idan ta hau keke, daga bakin titi ana jin ƙararsa, ƙafafunta biyu suna tafiya tare ba tsayawa, tana ɗinki tana gulmar duk wanda ya gitta.

Ciwonta na farko a ido ya zo, tana budurwa. Ta ce idonta na hagu ya yi hazo, kuma yana mata ciwo in ta juya shi. Ta ɗauki jan zare ta ɗinka wa wata mata kalmasar atamfa mai ruwan ƙasa, ta rantse launinsu ɗaya. Wani ƙaramin asibiti a nan Yendi ya ba ta maganin ɗigawa, aka rubuta abin da aka gani a ɗan littafi. Bayan sati biyu babu canji, sai Mma ta ɗauke ta zuwa Salaga wurin Kawu, yayan Mma, wanda malami ne mai almajiran ilimi manya, kuma mutane na zuwa wurinsa neman addu'a. Ya yi mata rubutu tana sha tana wanke ido. Kafin wata ya cika idon ya washe tas. Muka yi murna, aka soya masa, na karanta ɗan littafin na sa a wuta ba tare da tunanin komai ba.

Ta yi aure a Bawku. Mijinta ɗan kasuwa ne, albasa da shanu, mutumin kirki mai ƙaramar murya, irin wanda in ya shigo gidan surukai har ya fita ba ka san ya zo ba. Da ta haifi 'yarta ta fari ta dawo gida wankan jego, kamar yadda ake yi. A nan na biyu ya same ta. Ƙafarta ta dama ta mutu daga gwiwa zuwa ƙasa, ta ce ji take kamar auduga take takawa. Tsofaffin unguwa suka ce sanyin haihuwa ne, a ƙara wa ruwan wanka zafi. Aka ƙara. Duk ranar da ta fito daga wankan sai an riƙo ta, idonta na dishi-dishi, ƙafar ta ƙi ɗaukarta sam, sai jikinta ya huce sannan ta dawo daidai. Muka ce ai alamar sanyin yana fita ne. Aka je asibiti, aka sake ba mu ɗan littafi, mijinta kuma ya kawo wani magani na shafawa daga wajen wani mai magani a Pusiga. Bayan arba'in da 'yan kwanaki ƙafar ta farfaɗo. Mijin ya ce maganin Pusiga ne, Mma ta ce addu'ar Kawu ce da ta aika masa ya yi, ba wanda ya ja da wani. Aka ɗora tanda.

Na uku shi ne wanda ba ya barina. A Bawku ya kama ta, jiri da ganin abu biyu-biyu, hannunta na rawa har ba ta iya sa zare a allura. Mijin ya kai ta wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a garin. Da ta samu sauƙi bayan wata biyu ta zo Yendi gaisuwa, Mma ta ce ba za ta koma ba sai an yi sadaka. Na zauna a kan kujera 'yar tsuguno ina buɗe takardun. Wanda ya duba ta a can ya cika shafi biyu da rubutu ƙanana. Ya tambaye ta labarin ido da na ƙafa, ya rubuta su a jere, ya ja layi biyu a ƙarƙashin wata jimla da ke cewa a kai ta babban asibiti wurin likitan jijiya.

Na ce, "Mma, wannan kam a bar shi."

Mma ba ta kiran sunana, 'yar fari ce ni. Ta ce, "Ke, kalle ta can."

Auta tana bakin rijiya ta goya 'yarta, tana jan guga tana yi wa matar ƙanena tsiya a kan ɗaurin ɗankwalinta. Babu abin da ke damunta. Mma ta ce, "Mutum na tsaye da ƙafarsa, ki ajiye masa takardar da ke cewa ba shi da lafiya? Me za ki gaya wa Allah?"

Ƙullun masa ya riga ya tashi, mata suna jira. Gaskiya ita ce ban so in samu amsar da zan ba ta ba, don abin da shafin ke nufi ya fi abin da nake son ɗauka a ranar. Na yage shi gida biyu na tura ƙarƙashin itacen. Na ci masar har da ƙari.

Na huɗu bai tafi duka ba. Ya zo lokacin da garin Bawku ba ya zaune lafiya, fita ma sai da lissafi, don haka ba a je asibiti ba. Da hanya ta samu aka wuce da ita Salaga kai tsaye. Kawu ya yi iya yinsa. Ta miƙe, amma ƙafar dama ta koma ja, takalminta na wannan ɓangaren yana cinyewa ta gaba. Ta koma taka keke da ƙafar hagu kaɗai, ɗinkin yana tafiya yana tsayawa. Watanni suka wuce muna cewa saura kaɗan. Mijinta ne, wanda ba ya magana, ya sayar da shanu ba tare da ya yi shawara da kowa ba, ya zo ya durƙusa gaban Mma ya ce a kai ta kudu.

Ba zan faɗi sunan asibitin ba, kuma ba ni da abin da zan ce a kansa sai alheri. Aka sa Auta cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, wani dogon rami mai ƙara, ta fito ta ce ko kekenta da ya rasa mai bai kai shi surutu ba. Likitar mace ce, ba Bahaushiya ba, amma ta tashi kusa da zango, tana jin Hausar da ta ishe ta. Ta kalli Mma ta ce, "Mma, ya taɓa yi mata irin wannan kafin?"

Mma ta ce, "A'a, wannan ne farko."

Ba ƙarya ta yi ba. A wurinta ciwon ido daban, an warke. Sanyin haihuwa daban, an warke. Jiri daban, an warke, an yi sadaka, an rufe maganar. Ni ce na buɗe baki na jero su, Mma tana harara ta kamar na tona asirin gida a kasuwa. Likitar ta ajiye biro ta saurare ni har na gama. Sannan ta juyo mana da hoton ta nuna wasu fararen ɗigo-ɗigo a ƙwaƙwalwa da laka. Ta ce duka ciwo ɗaya ne. Sunansa da Turanci dogo ne, su a aikinsu em-es suke cewa. Jijiyoyin mutum suna da rufi, irin robar da ke jikin wayar lantarki, to jikin Auta ne da kansa yake cin rufin nan, yau a nan, gobe a can. In ya ci ya tsaya, jiki ya ɗan gyara wurin, sai mutum ya ga kamar ya warke. Ta ce zafi yana tayar da alamunsa, shi ya sa ruwan jego yake kayar da ita.

Mma ta rufe bakinta da mayafi. Ita ce take dafa ruwan nan da hannunta.

Na tambayi magani. Likitar ta ce abin da ya riga ya lalace babu mai mayar da shi tukuna, ana kan nema. Amma na hana shi sake tasowa akwai, har iri-iri, wasu ƙwaya, wasu allura, wani ma ƙarin ruwa ne da ake yi jefi-jefi a shekara. Ta ce an ci gaba sosai a ƙasashen da ke da hali, kuma wanda aka fara wa da wuri yakan daɗe a kan ƙafarsa. Sai ta faɗi abin da ya rage. Maganin ba na aljihun mai sayar da albasa ba ne, ko ya sayar da garken duka, don ba sha ɗaya ake yi a gama ba. Ita tana tattara takardun marasa lafiyarta ne ta kai wa masu ba da tallafi, ko za su ɗauki nauyin wasu. Su kuwa sun daɗe da jin cewa wannan ciwon Turawa ne, ba ya kama baƙar fata a nan, saboda haka ba sa karɓar labari. Suna son shaida a rubuce: yaushe ya tashi, wa ya duba, me ya gani. Hoton ya nuna tabo, amma tabo ba ya faɗin ranar da aka ji ciwon, su kuma suna son su ga ciwon yana tashi a kusa-kusa kafin su sa sunan mutum a gaba.

Ta ce, "Madam, littattafan asibitin nan, kina da su?"

Na kalli Mma, Mma ta kalli ƙasa. Auta ce ta amsa, da dariya ma. Ta ce, "Dokta, mun soya masa da su."

Hutun makaranta na gaba a hanya na yi shi. A Yendi na je asibitin farko, suka yi mini kirki, suka fito da tsofaffin rajista na zauna ina dubawa kwana biyu. Sunan mahaifinmu ana rubuta shi da boko ta hanya huɗu ko biyar, kowane magatakarda da tasa, shafuka da yawa kuma gara ta ci. Na samu wata mai suna irin nata da ciwon ido, sai na ga shekarunta sun kai na Mma. Na hau mota zuwa Bawku, ta Zebilla. Ƙaramin asibitin da aka cika shafi biyu ya rufe, wurin ya zama shagon takin zamani. Mai shagon ya ce mai asibitin ya kwashe iyalinsa ya bar garin lokacin tashin hankali, wasu na cewa yana Kumasi, wasu na cewa ya haye Togo. Na tsaya a ƙofar shagon ina ƙoƙarin tuno abin da na karanta a shafin. Layi biyun da ya ja kawai nake iya gani.

Salaga na bari ƙarshe, don ina jin nauyin zuwa. Na samu Kawu a zaure bayan la'asar. Na gaya masa duka, ina zaɓen kalmomi, don ban san yadda ake gaya wa dattijo cewa abin da ya ɗauka ya warkar bai warke ba. Ya ji ni har ƙarshe. Sannan ya ce, "Ashe tafiya yake yi ya dawo. Ni kuwa duk zuwan da ta yi, in ta tafi da ƙafarta sai in yi sujada in ce an gama."

Ya sa aka miƙo masa tawada da alƙalami. Kawu ba ya manta kwanan wata. Ya rubuta da ajami cewa ta zo da ido a watan Rajab na shekarar da aka sake rufin masallacinsu, an aiko masa da maganar ƙafa bayan babbar salla, ta zo tana jan ƙafa ana saura kwana tara azumi. Ya rubuta abin da ya gani a kowane zuwa, ya sa hannu, ya busa takardar ta bushe. Ya ce, "Kai wa likitar. Ki ce mata wanda ya gani da idonsa ne ya rubuta."

Na kai. Ta karɓa da hannu biyu, ta sa na karanta mata, ta rubuta a cikin nata bayanin, ta ce ita ta yarda da kowane harafi. Amma waɗanda za ta aika wa ba za su ɗauke shi shaida ba, zai shiga ne a matsayin abin da dangi suka ce. Na ji haushin da ban taɓa ji ba, na rasa wanda zan sauke wa, sai na sauke mata. Na ce to su zo su gani mana, Bawku ba a sama take ba. Ta bar ni na gama. Ta ce ita ma wannan ne ciwonta: ba a ba da kuɗin bincike sai an ga marasa lafiya a rubuce, ba a samun su a rubuce sai an ba da kuɗin nemo su. Likitocin jijiya a ƙasar kaɗan ne, a arewa kuwa sai an tona. Kuɗin da ke shigowa ya riga ya san hanyarsa, zazzaɓin sauro, tarin fuka, mata masu haihuwa. Ta ce ba za ta iya cewa a ɗauke daga bakin waɗannan ba. Ni ma ban iya ba, yaran ajina nawa zazzaɓi ya ɗauka ina gani. Amma Auta ƙanwata ce.

Da zan fita ta ce, "In ya sake tashi, kar ku tsaya ko'ina. Ku kawo ta cikin kwanakin, in gani da idona, in rubuta, mu sake hoto. Wannan ba mai musunsa."

Na fito da maganar nan a kaina kamar an ba ni albishir. Sai da na zauna a mota na gane abin da aka ce in jira.

Wannan ne abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Fiye da shekara ina kiran Auta kowace safiya kafin in shiga aji. Da can sai mu yi sati ba mu yi waya ba. Ina kwana, yaya yarinya, yaya maigidan, sannan in shiga abin da ya kawo ni. Idon fa? Hannun fa? Babu jiri? Ta ce lafiya lau, Yaya. In ce alhamdulillahi, bakina yana faɗa, amma ba amsar da nake jira ba ke nan. Ban taɓa ɗaga hannu na roƙi Allah ya tayar mata da ciwo ba, ban kai nan ba. Amma na daina roƙon kada ya tashi. In na zo wurin a addu'a sai in tsallake. Ina gaya wa kaina ƙarami nake so, ɗan hazo a ido na sati biyu, abin da zai isa a rubuta kawai, kamar shi ciwon wani yaron ajina ne da zan ce masa ga iya inda za ka tsaya.

A lokacin hutun tara, sauran malamai suna cin wake da shinkafa a gindin bishiya, ni ina kan waya ina karanta labarin ciwon. Kullum akwai sabon abu. An gano kaza, ana gwada kaza, masana sun taru suna shawarar inda ya kamata kuɗi ya fi tafiya, wajen gyara rufin jijiya ko wajen tsayar da nau'in da ke ci a hankali ba tare da tashi ba. Na ga hotunan mata masu irin ciwon Auta suna gudu, suna hawa dutse, suna dariya da haƙora farare. Ban yi musu hassada ba, ko kuma na yi, Allah ya yafe mini. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda suke rubuta cewa yanzu zamani ya canja ga masu wannan ciwo. Na kan duba ko akwai inda suka ce ban da na Bawku, ban taɓa gani ba. Ba su cire mu ba, ba su san da mu ba ne.

Ita kuwa ƙafar tana ta raguwa a hankali, ba tashi, ba faɗuwa, babu ranar da za a nuna a ce yau ne. Ta fara dafa bango. Ta daina karɓar ɗinkin biki, sai gyare-gyare. Mma ta daina sadakar masa gaba ɗaya, ko jikanta ya tashi daga zazzaɓi sai ta ba da hatsi ɗanye. Ba ta taɓa ce mini ta yi kuskure ba, ni ma ban taɓa ce mata ba. Wata rana na ga ta ɗauki takardar maganin hawan jininta ta ninke ta sa a ƙasan akwati, ta ga na gani, kowa ya kau da kai.

Ranar wata Talata ina tsakiyar darasi mijinta ya kira. Ya ce, "Madam, matata ya faɗi. Ƙafa biyu duka ba ya motsi. Fitsari ma ba ya iya riƙewa."

Abin da ya fara zuwa zuciyata, kafin tsoro, kafin tausayi, shi ne: to, ga shi. Daƙiƙa ɗaya ce, amma na ji ta, kuma ba zan iya cewa ban ji ba.

Ya ɗauko ta a bayan motar albasa a kan katifa har Tamale, na same su a can, muka wuce kudu. Kwana biyu muka yi a hanya. Likitar ta duba ta, aka sake hoto, aka ga sabon wuri a laka, fari tas. Aka yi mata ƙarin ruwa na kwantar da tashin. Likitar ta rubuta komai, rana da wata da abin da ta gani, ta buga hatimi, ta ba ni kwafi. Na riƙe takardar da na shekara ina jira.

Sannan ta ce in biyo ta ofis. Ta rufe ƙofa ta ce ba ta so ta gaya mini a waya ba. Masu tallafin sun dawo mata da amsa watanni da suka wuce. Sun yaba da ƙoƙarinta, sun ce marasa lafiyar da ta nuna ba su da yawan da za a buɗe musu wani shiri, kuɗin bana da na baɗi an riga an karkata su wani wajen. Ta ce za ta sake nema a wani wuri, ba za ta daina ba. Na tambaye ta ko da an samu, ƙafafun za su dawo? Ta ce wani abu zai iya dawowa, amma kada in sa rai da keke. Maganin yana tsare abin da ya rage ne, kuma abin da ya rage wa Auta yanzu bai kai na bara ba.

Yendi muka dawo da ita, ɗakin Mma, don a Bawku babu mai ɗaga ta in mijin ya fita kasuwa. Ƙafar hagu ta ɗan dawo, tana iya tsayawa in an riƙe ta. Ta dama ba ta dawo ba. 'Yarta ta shiga makarantarmu, ni nake tafiya da ita da safe.

Wata ranar Asabar ina yi mata kitso a ƙofar ɗaki, ta zauna a tabarma tsakanin ƙafafuna, bayanta jingine da gwiwata. Ban ga fuskarta ba, ina jin shi ya sa ta iya faɗa. Ta ce, "Yaya, kin daina tambayata idon fa, hannun fa."

Na ce ai yanzu ina ganinki kullum.

Ta ce, "Ba shi ba ne. Lokacin da kike kirana, in na ce miki lafiya lau, ina jin yadda muryarki ke yi. Har kunya nake ji. Wata rana na yi niyyar in ce miki idona ya yi hazo, don ki samu abin kai musu, sai na ji tsoron kada Allah ya kama ni da bakina."

Hannuna ya tsaya a kanta. Na so in ce ba haka ba ne, amma Auta ba a yi mata ƙarya tun tana ƙarama.

Ta ce, "Ban ji haushinki ba. Ni ma jiransa nake yi. Ranar da na faɗi a bakin murhu, kafin in kira maigidan, sai da na ce to, Yaya ta huta." Ta ɗan gyara zama da hannuwanta, ta jawo ƙafar dama da ta zame ta mayar da ita kan tabarma. "To yanzu an samu takardar. Wa za a kai wa?"

Na ce ban sani ba.

Ta ce in ƙarasa mata kitson, wuyanta ya gaji.